Wa ya ce miki olsa ce?

Shekara 11 na yi ba na fita daga gida sai da abu uku a jaka: ƙullin biskit, kwalbar farin maganin nan mai kama da koko wanda ake girgizawa kafin a sha, da katin omefrazol mai rage asid ɗin ciki. Ko biki za ni, gara in manta da gudummawar amarya da in manta da su. 'Yan ajina sun riga sun gane, da sun ga na ajiye alli na dafe ƙahon zuciya, to malama za ta fita ta ɗan jima.

Ciwon kuwa kamar uwar adashi yake, ba ya saɓa lokaci. Wajen ƙarfe biyu ko uku na dare zai tashe ni, zafi kamar an ɗora garwashi a ƙasan ƙirjina. In na tauna biskit biyu na kora da madara sai ya lafa, in koma barci. Da hantsi, kafin a tashi tara, ya dawo. Ga gyatsa mai tsami, ga kumburin ciki, wani lokaci har da tashin zuciya. Yakan tafi wata biyu ko uku har in fara cewa na warke, sai rana ɗaya ya sake sallama.

Sunan ciwon a bakin layinmu aka raɗa shi. Lokacin ina zuwa koyon aikin koyarwa a wata makaranta can bayan gari, ina fita ba karin kumallo, sai la'asar nake sa wani abu a bakina. Na tsaya wurin mai kemis na yi masa bayani, ko gama magana ban yi ba ya ce, "Olsa ce, Anti. Zama da yunwa kike yi." Ya miƙo kwalba. Daga ranar na zama mai olsa, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ƙara mini doka ɗaya. Ban da yaji. Ban da tsami. Ban da wake, ban da suya, ban da zoɓo, ban da kunun tsamiya, ban da lemo mai gas. Wata abokiyar aikina ta ce ban da tunani, kamar tunani riga ce da mutum zai tuɓe ya rataye. Inna kuma ta buɗe nata asibitin: jiƙon kanwa da sassafe, garin kuka a dama da nono, zuma cokali ɗaya kafin a kwanta. Ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana, sai dai ta ce, "Ke yarinyar nan, kin sha abin nan kuwa?" Kuma ba ƙarya, kanwar tana sanyaya ciki na ɗan lokaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne azumi. Shekara huɗu a jere ina shan fiye da goma, in zo ina ramuwa da ƙyar a lokacin sanyi.

Ba ciwon cikin ne ma ya kai ni asibiti a ƙarshe ba, jiri ne da kasala. Aka auna jini aka ce ya yi ƙasa. Likitar dattijuwa ce, mai magana a hankali. Tana rubutu ta tambaye ni ko ina shan wani magani, na zazzage mata jakata a kan tebur na ce na olsa ne. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama, wa ya ce miki olsa ce?"

Na ce, "Likita, ai kowa ya sani."

"Shi kowan, ya taɓa leƙa cikin?"

Na yi shiru. Shekara 11, kuma babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, ni ma ban yi wa kaina ba.

Ta ce za a yi gwajin bayan gida a nemi wata ƙwayar cuta, amma sai na ajiye omefrazol na mako biyu cur, don yana sa ƙwayar ta laɓe gwajin ya fito kamar babu komai. Ta tambaya ko na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin wata ɗaya da ya wuce, don shi ma yana ɓata sakamako. Makon nan biyu ban ji daɗinsu ba ko kaɗan, farin maganin ruwan kawai ta bar mini. Kunyar shiga ɗakin gwaji da 'yar kwalba a naɗe cikin baƙar leda kuwa, wanda ya taɓa yi ya sani. Sakamako ya fito, akwai ta. Saboda ƙarancin jinin da kuma daɗewar ciwon, ta ce sai an leƙa. Aka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka zura siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa, ina ta kakarin amai hawaye na zuba. Bai kai minti goma ba. Suka ga gyambo ƙarami, bai fi ƙwayar wake ba, a farkon ƙaramin hanji daidai inda tumbi ke juye abinci. Ashe mai kemis ya canka daidai, sai dai canke ne, kuma dalilin da ya bayar ba shi ba ne.

Sunan ƙwayar Helicobacter pylori. Ni malamar Hausa ce, rabona da kimiyya tun sakandare, amma wanda ya kwana da abu shekara 11 yana da haƙƙin sanin asalinsa. Na yi ta karatu a waya da daddare, abin da ban gane ba in rubuta a takarda in kai wa likitar.

Labarin gano ta ya fi wasu tatsuniyoyin daɗi. Da can likitoci sun yi ittifaƙi cewa babu ƙwayar cutar da za ta iya zama a tumbi, saboda ƙarfin asid ɗin da ke narka abinci. Gyambon ciki kuwa laifin damuwa ne da yaji da yawan asid, wato abin da ake faɗa a unguwarmu yau shi manyan asibitocin Turai ke faɗa a lokacin. Wasu har fiɗa ake yi musu a yanke wani sashe na tumbi. A 1979 wani likita mai duba tsoka a madubin ƙara girma a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren, ya fara ganin wasu lanƙwasassun ƙwayoyi a jikin naman tumbin marasa lafiya, kuma duk inda suke akwai kumburi. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi a 1981. Suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji ta ƙi tsirowa, domin ma'aikata na zubar da farantan bayan kwana biyu in ba su ga komai ba. Sai hutun Ista na 1982 ya zo, aka bar wasu farantai suka ƙara kwanaki babu wanda ya taɓa su. Da aka dawo aiki, ga ta ta fito. Ashe mai nawa ce, ba ta son gaggawa.

Duk da haka manyan likitoci ba su yarda ba. Marshall ya gwada sa wa aladu ƙwayar bai yi nasara ba. A 1984, yana da shekara 32, ya ɗauki ruwan da ya raini ƙwayar a ciki ya kwankwaɗe. Bayan 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa ya yi wari, aka leƙa cikinsa aka tarar tumbin da yake lafiya lau ya kumbura, ga ƙwayoyin jingim. Matarsa ce ta matsa masa ya sha magani. (Na so in ga fuskarta ranar da ya faɗa mata abin da ya aikata.) Sai 1994 hukumar lafiya ta Amurka ta fito fili ta ce a riƙa yi wa masu gyambo maganin ƙwayar, kuma a 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel.

Yadda take tsira a cikin asid shi ya sa na yi dariya ni kaɗai cikin dare. Bangon tumbi yana lulluɓe da majina mai kauri wadda ke kare shi daga asid ɗinsa. Ƙwayar murɗaɗɗiya ce kamar tufkar igiya, tana da 'yan wutsiyoyi da take iyo da su, sai ta kutsa cikin majinar ta lafe. Sannan tana fitar da wani sinadari da ke farfasa yuriya, abin nan da ke cikin fitsari, ya mayar da shi amoniya, wanda shi ne zarnin da muke ji a makewayi. Amoniyar sai ta kashe tsamin asid ɗin da ke kewaye da ita. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san wannan aikin. Wato Inna tana ba ni kanwa daga waje, ita kuma baƙuwar tana dafa tata kanwar daga ciki.

Zamanta a wurin yana sa bangon ya kumbura shekara da shekaru, kariyar ta yi rauni, a wasu mutanen ma asid ɗin ya ƙaru, har ya ci wani wuri ya zama gyambo. Daga nan na fahimci maganar yunwa. In ciki ba komai, asid na zuba kai tsaye a kan ciwon, shi ya sa zafin ke tashi tsakar dare kuma biskit ke kwantar da shi. Yaji ma haka: barbaɗa barkono a miki ka ji yadda za ta kaya, amma ai ba barkonon ne ya yanke ka ba. Madarar da na ɗauka uwar magani kuwa, tana sanyaya wurin ne na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid don ya narka ta.

Maganin kwana 14 ne, safe da yamma: omefrazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, amoksisilin da klaritromaisin. Kafin ta rubuta, likitar ta tambaye ni sau nawa na taɓa shan Flagyl. Na ce ai ba ya ƙirguwa, duk ɓacin ciki shi muke sha, ƙwaya biyu a jefa a wuce. Ta girgiza kai ta ce saboda irin wannan shan na rabi da rabi, a ƙasashenmu ƙwayar ta daɗe da raina shi a jikin mutane da yawa. Shi kansa klaritromaisin ɗin ya fara rasa kaifi a wurare da dama, shi ya sa ake wani haɗin mai magani huɗu in na farko ya gaza.

Bakina ya yi ɗaci kamar na kwana da tsohon makulli a kan harshe. Shayi ba ya daɗi, ruwa ma ƙarfe-ƙarfe yake yi. A rana ta biyar zafin ya ɗauke ɗif, na ce wa maigidan ni fa na warke, sauran zan ajiye. Ya ce, "Malama, ke da kike hana yara tashi kafin a kaɗa ƙararrawa?" Shi ya riƙa ɓallo mini su yana tsaye har in haɗiye. Mako shida da gamawa na sake kai baƙar leda, aka ce babu ta. Wannan gwajin na biyu mutane da yawa ba sa komawa yi, alhali shi ne kaɗai shaidar cewa ta tafi, don ɗaukewar zafi omefrazol kaɗai ma yana iya kawo shi.

Azumin shekarar na kai talatin ban sha ko ɗaya ba sai na al'ada. Ranar farko da aka sha ruwa na riƙe kofin kunun tsamiya na daɗe ina kallonsa kafin in kai baki.

To daga nan ne na yi wauta. Na zama mai wa'azi. Duk wadda ta dafe ciki a ɗakin malamai sai in ce ƙwaya ce, je ki a gwada. Ƙanwata da ke fama da zafin ƙirji tun haihuwarta ta uku, ni na ja ta zuwa wani ɗakin gwaji na bakin titi. Suka tsaga yatsa, suka ɗiga jini a 'yar farar roba, layi biyu suka fito. Muka wuce kemis muka sayi kwalin haɗin, ta sha ɗacinta na kwanaki. Bayan wata guda ta kira ni. "Yaya, ni fa ba abin da ya sauya, sai kuɗina da suka tafi."

Na kai ta wurin likitata ina jin kunya. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ta ce gwajin jini sojojin jiki yake gani, waɗanda jiki ya tanada don yaƙar ƙwayar, kuma suna nan a jini ko an daɗe da kashe ta. Ba ya bambanta mai ita yau da wanda ya rabu da ita bara. Sannan ta ce in ta fita bakin asibiti ta tare mutum goma masu tafiyarsu lafiya, mafi yawansu layi biyu za su nuna.

Na je na duba, gaskiyarta. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila da ya yi aiki a Maiduguri, Christopher Holcombe, ya auna jinin jama'a a arewacin Najeriya a farkon shekarun 1990, ya samu kusan kashi 85 cikin 100 suna da alamar ƙwayar, yawancinsu tun suna yara. Wani babban nazari na 2017 da ya tattara alƙaluman ƙasashe ya sa Najeriya a kan gaba da kashi 87.7, Suwizalan a can ƙarshe da kashi 18.9, duniya baki ɗaya kuwa fiye da rabin mutane. Amma mafi yawan masu ɗauke da ita har su mutu ba za su san tana nan ba. Waɗanda za ta yi wa gyambo ba su wuce 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Kaɗan ƙwarai, wajen 1 zuwa 3, take kai wa ga sankarar tumbi, kuma saboda su ne cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin abubuwan da ke haddasa sankara tun 1994. Shi Holcombe ɗin a 1992 ya rubuta cewa akwai abin ɗaure kai a Afirka: ƙwaya ko'ina, amma sankarar tumbi ba ta kai yadda ake zato ba. Daga baya wasu masana suka ce ba wani ɗaure kai, na'urar leƙen ciki ce ta yi ƙaranci kuma ba a rubuta alƙaluma. Ni da na ga kuɗin leƙen da idona, na fi karkata ga na biyun.

Tsohuwar abokiyar zama ce ma. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun ce tare da ita 'yan Adam suka fita daga Afirka kimanin shekara 60,000 da suka wuce, kuma an same ta a tumbin gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana a tsaunukan Turai sama da shekara 5,000.

Ita ƙanwata, da likitar ta zauna ta saurare ta, sai ga shi nata zafin sama yake hawowa har maƙogwaro, ya fi tsanani in ta ci tuwo ƙarfe goma ta kwanta nan take, ko in ta sunkuya wanki. Bakin tumbi ne ya saki, asid na tasowa. Aka ce ta ci abincin dare da wuri, ta bar kamar awa uku kafin kwanciya, a ɗaga kan gadon, ta rage ƙiba, aka ba ta magani na 'yan makonni. Ta samu sauƙi sosai. Akwai kuma kashi na uku, kuma su suka fi yawa: masu ƙwarnafi da cushewar ciki da saurin ƙoshi waɗanda in an leƙa ba a ganin gyambo ko ɗaya. Irin waɗannan in an kashe musu ƙwayar, kusan mutum ɗaya ne cikin 10 zuwa 14 yake rabuwa da ciwon saboda hakan. Likitar ta ce duk da haka in gwajin bayan gida ko na numfashi ya tabbatar tana nan, ita takan yi maganinta, don rage haɗarin gaba. Sai dai ba ta yi wa kowa alkawarin da ni na yi wa ƙanwata.

Kalmar olsa a bakinmu buhu ce, kowa na zuba nasa a ciki, kamar yadda kowane zazzaɓi ya zama taifod. Wanda ya fi ba ni tsoro a cikin buhun shi ne na Kawu. Direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Duk inda ya yada zango sai ya ce a haɗa masa na gajiya, a ƙulla masa ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a leda, a ciki akwai diklofenak da ibufrofen, ya ƙara da hodar asfirin, ya kora da shayi ciki ba komai. Waɗannan magungunan su ne na biyu wajen haddasa gyambo bayan ƙwayar, don suna rage majinar da ke kare tumbi, in kuma suka tarar da ƙwayar a ciki abin ya zama biyu. Kwana uku yana bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari na daban, bai gaya wa kowa ba, yana cewa basir ne. Jini ne da ya narke a hanji. A tasha ya yanke jiki ya faɗi, sai da aka ƙara masa leda biyu. Tun daga nan, wanda duk ya ce mini yana ganin baƙin bayan gida, ko aman jini ko mai kama da dusar kofi, ko abinci na tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya fara masa ne bayan ya manyanta, ba na ba shi labarin Ostireliya. Ce masa nake ya tashi mu tafi asibiti yanzu.

Da na yi wa Inna bayanin cewa yawanci tun ana yara ake ɗaukar ƙwayar, a cikin gida, ta yawu ko gurɓataccen ruwa ko hannun da bai wanku ba bayan an zaga, sai ta ɓata rai. "Wato mu muka sa miki ke nan?" Na ce a'a Inna, ke ma wani ya sa miki, shi ma haka, har can kakannin kakanni. Ba ta gamsu ba. Ni dai ban daina cin abinci kwano ɗaya da 'ya'yana ba, kuma ba ni da niyya. Abin da na sauya kaɗan ne. Na daina tauna wa auta nama in sa mata a baki. Na daina zagayawa da kwanon wanke hannu guda kowa ya tsoma, yanzu buta ce da sabulu, a zuba wa kowa nasa. Ruwan 'yan garuwa kuma sai ya tafasa kafin ya shiga randa.

Watan jiya Inna ta zo mana kwana biyu. Tana kwance kayanta ta fito da ƙulli biyu, kanwa da garin kuka, ta ajiye a gefena ba ta ce komai ba. Washegari na jiƙa kanwar, na zuba kukar a garin wake da rogo, na yi ɗanwake tukunya guda. Na soya mai, na yanka albasa, na jawo gwangwanin yaji na barbaɗa har sai da ya yi ja. Tana zaune a tabarma tana bin hannuna da kallo.

"Ke yarinyar nan, za ki tayar da abin nan fa."

Na ce, "Inna, ai maganinki duka biyun suna ciki."

Ta yi tsaki, ta miƙo hannu ta janye gwangwanin ta tura shi ƙarƙashin zaninta, sannan ta ce in matso da kwanon.